Jami'a da ma'aunin kasuwar yau

Wani ra'ayi ya zama yayi a ma'aikatun kuɗi na ƙasashe da dama: wai a riƙa ba jami'a kuɗi gwargwadon yadda kasuwar aiki ke karɓar ɗalibanta. Ostireliya ce ta fi zaƙewa. A 2020 gwamnatinta ta ninka kuɗin karatun tarihi da falsafa fiye da biyu, ta rage na aikin jinya da koyarwa da lissafi, da nufin kora matasa zuwa fannonin da ake nema. Matasa ba su koru ba, sai dai bashin karatu ya ƙara yi musu nauyi, har kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce a 2024 a sauya tsarin. Amma ra'ayin bai mutu ba. A 2023 Rishi Sunak, firaministan Birtaniya na lokacin, ya yi ta caccakar kwasa-kwasan da ya ce damfara ce a Ingila, kuma ma'auninsa shi ne aiki da albashi bayan kammalawa.

Matsalar wannan ma'auni ita ce abin da ya riga ya wuce yake aunawa. Albashin bana yana nuna abin da kamfanoni ke buƙata bana. Abin da ke sa tattalin arzikin ƙasa ya tsere wa na tsararta kuwa, galibi yana fitowa ne daga aikin da babu wanda zai iya yi wa farashi a ranar da aka fara shi.

A shekarun 1960 Thomas Brock na Jami'ar Indiana yana ta kwasar ƙwayoyin halitta daga maɓuɓɓugan ruwan zafi na Yellowstone da tallafin gwamnatin Amurka. Wane akanta ne zai sa hannu a kan wannan? Daga ɗaya daga cikin ƙwayoyin aka samo sinadarin da gwajin PCR ya dogara a kai, gwajin da duniya ta yi ta rububi a kansa lokacin korona. Katalin Karikó ta shafe shekaru ana hana ta tallafin bincike kan mRNA, sinadarin da ke kai wa ƙwayar halitta saƙon furotin da za ta haɗa, a 1995 ma aka rage mata matsayi a Jami'ar Pennsylvania. Aikin nan da aka raina shi ya haifi rigakafin korona na 2020, ya ba ta kyautar Nobel a 2023 tare da Drew Weissman. Da ma'aunin su Sunak aka bi, da tuni an rufe mata ɗakin gwaji.

Mun ma taɓa ganin ƙarshen irin wannan lissafi. A shekarun 1980 Bankin Duniya ya auna ribar ilimi da albashin mutum ɗaya ɗaya, ya yanke cewa firamare ta fi jami'a riba, ƙasashe matalauta suka janye hannu daga jami'o'insu. Ɗakunan gwaji suka lalace, malamai suka yi hijira. Sai a 2000 wani rahoto da bankin ya ɗauki nauyi tare da UNESCO ya amsa cewa an yi wa ilimi mai zurfi riƙon sakainar kashi. Koriya ta Kudu ba ta bi wannan hanya ba. Tun 1971 ta kafa cibiyar da ta zama KAIST, jami'ar kimiyya da fasaha, a yau tana kashe kusan kashi 5 cikin 100 na arzikinta kan bincike. Kamfanoni ne ke zuba mafi yawan kuɗin, gaskiya ne, amma injiniyoyin Samsung ba daga sama suka faɗo ba.

Masu cewa kuɗin mai biyan haraji ne, dole a ga riba, su faɗa mana cikin shekara nawa suke son ganin ta.

Ban ce a zuba wa jami'a kuɗi ido rufe ba. A binciki kowane kwabo, a kori shugaban da ya ci amana. Amma a ba ta kasafin shekara biyar ko goma da ba ya rawa duk sanda aka sauya minista, a ware asusun bincike wanda masana za su tantance. Ƙasashen Afirka sun yi alkawarin kashe kashi 1 cikin 100 na arzikinsu kan bincike, mafi yawansu har yau ba su kai ba, kuma su ne ake yi wa tallar tsarin da Ostireliya ke neman hanyar fita daga cikinsa.