Sansanin Masyaf ba ƙage ba ne

Yara da dama masu buga wasan bidiyo na Assassin's Creed na 2007 sun ɗauka makasan da ke cikin wasan da sansaninsu na Masyaf duk ƙirƙira ce. A'a. Sansanin Masyaf yana nan a Siriya har gobe. A ƙarni na 12 'yan Shi'ar Isma'iliyya reshen Nizari ne ke riƙe da shi, ƙarƙashin Rashiduddin Sinan. Ba su da rundunar tunkarar sarakuna, sai su tura mutum ɗaya ko biyu da wuƙa, su yi shigar burtu, su daɓa wa shugaba a bainar jama'a. Haka aka kashe Conrad na Montferrat, zaɓaɓɓen sarkin Kudus, a 1192. Altaïr, jarumin wasan, kam ƙari ne, haka ma gabar makasan da ƙungiyar mayaƙan Kirista ta Templar da wasan ya ce wai ta kai zamaninmu, domin Fafaroma ya rushe ƙungiyar Templar tun 1312.