Jarabawar tantance aji a kemistiri: don Allah ku daina neman a taya ku

Jiya da daddare ƙanena ya kira ni, wanda ya samu gurbin karatu a wata jami'a nan Amurka, ko gaisawa ba mu gama ba ya ce Yaya an turo min wata jarabawar kemistiri ta intanet wai sai na yi ta kafin a bar ni in yi rijistar kwas, don Allah ka zauna a waya ka taya ni. Na ce a'a. Ya yi shiru, na san ya ji haushi. Shi ya sa na ce bari in yi rubutun nan don ba shi kaɗai ba ne, duk shekara in lokacin shiga makaranta ya matso sai na samu irin wannan roƙon.

Mu a gida in JAMB ta yi maka kyau ka samu shiga, duk ɗan aji ɗaya na kimiyya CHM 101 ake tara ku, mai A1 da mai C6 ɗaki ɗaya, wasu ma ta taga suke jin lakca. Nan kuwa kemistirin shekarar farko hawa-hawa ne. Akwai na share fage, akwai Janaral Kemistiri 1 da 2 wanda masu son likitanci da injiniyanci da haɗa magunguna suke bi, wasu makarantun suna da ajin zaƙaƙurai, wasu kuma suna ware na masu karatun jinya daban. Aikin jarabawar kawai ta gano wane hawa ne daidai da kai. Ba ta shiga GPA ɗinka, ba kuma za a janye maka gurbi don makinka ya yi ƙasa ba. To mene ne na satar amsa? Daidai yake da ka je asibiti awon jini ka miƙa jinin abokinka saboda ya fi ka lafiya, likita ya ce ai garau kake, ka koma gida da zazzaɓinka.

Ni na san abin da nake faɗa don ni ma na yi wayon. Na zo da B2 ɗina a WAEC ina ji da kaina, na zauna da littafi buɗe a gefe na yi jarabawar, aka kai ni Janaral Kemistiri kai tsaye. Sati biyun farko kamar wasa, teburin sinadarai ne da sunaye, na ce ashe wannan ne ake ta zuzutawa. Sai aka shiga lissafin mol, wato ma'aunin da ake ƙirga yawan ƙwayoyin sinadari da shi. Tambaya mai sauƙi irin giram 36 na ruwa mol nawa ne, wannan na sani, ka raba da 18 ka samu 2. Amma da aka fara haɗa sinadari biyu a ce wanne ne zai fara ƙarewa, a sa ka juya mililita zuwa lita, ka ninka da 6.022 sau 10 mai ƙarfin 23, ka kuma kula da adadin lambobin da za ka bari a amsa, wallahi nan na gane hadda na yi ba fahimta ba. Kalkuleta a hannuna amma ban san inda zan danna ba. Ranar da aka zo pH, wato ma'aunin ƙarfin asid, aka ce logaridim ne sai da na ji kamar in tashi in fita.

Ɗakin gwaji kuma wani labarin ne. A sakandarenmu buret ɗaya, wato dogon bututun gilashi mai famfo da ake ɗiga ruwan gwaji da shi, muka yi layi a kansa, malami ne ma ya riƙe famfon muna kallo. Nan aka ba ni nawa, ga tabarau ga safar hannu, aka ce rahoto nan da sati. Hannuna har rawa yake, ruwan ya wuce ruwan hoda mai haske da ake so ya koma jajir sau uku ina sakewa.

Abin da yawancin yaranmu ba su gane ba shi ne lissafi ne ke kayar da mutum a ajin nan, ba kemistirin ba. Ko tsohuwar jarabawar Toledo da ƙungiyar masana kemistiri ta Amurka ke bayarwa, sashe guda cikin uku lissafi ne zalla. In ba ka iya juya ikweshan ka fitar da x ba, ko ɓangarorin lamba suna ba ka wahala, to A1 ba za ta cece ka ba.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: kuɗi. Kwas ɗin share fage ba kyauta ba ne, a wasu makarantun ma ba ya cike gurbin komai a digirinka, kuma yana tura maka Oganik Kemistiri gaba tunda sai ka gama Janaral 1 da 2 ake barinka ka shiga. Uban da ya sayar da fili yana canjin dala ba zai so jin haka ba, ban kuma ga laifinsa ba. Amma a lissafa ɗaya ɓangaren. Ni da na ga zan faɗi na je in janye daga kwas ɗin, sai aka tuna min cewa mai bizar ɗalibi ta F-1 dole ya riƙe kiredit 12 a zangon karatu, in na ajiye shi na faɗo ƙasa. Haka na zauna na kwashi D, na sake biyan kuɗin kwas ɗin a zango na gaba. Sauri ya haifi nawa kenan.

In makarantarka ALEKS, wani tsarin jarabawa da darussa na intanet, take amfani da shi ma ka ji daɗi, domin bayan gwajin farko yana nuna maka inda kake da rauni ya ba ka darussa ka bi. Wasu makarantun kuma suna barin a sake jarabawar. Ka tambayi mai ba ka shawara a sashenku sau nawa aka yarda, ka kuma tambayi ranar ƙarshe ta sauya kwas ba tare da ya fito a takardar sakamakonka ba, ka rubuta ta a bango.

Ƙanen nawa dai da safen nan na tura masa tambayoyin logaridim da juya ma'auni guda ashirin, na ce ya yi su da biro da takarda ya ɗauko hoto ya turo min. Ya turo bakwai, uku ba daidai ba. Jarabawar ranar Asabar zai yi, na ce ya bar wayarsa a ɗakin Umma.