Keken lantarki ya magance tudun Kumasi, saura hanya

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a Kumasi ta ƙasar Ghana ya san abin da ke sa mutane su jingine shi: garin tudu da gangare ne. Daga Aboabo ko Asawase zuwa Adum ba wata tafiya ba ce, amma kafin mutum ya isa wurin aiki rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi. Ni ma abin da ya raba ni da keke ke nan. A bana, da kuɗin mota da cunkoson kasuwar Kejetia suka ishe ni, na koma masa, wani abokin aikina kuma ya ara mini nasa mai batir na gwada.

Mutane da yawa sun ɗauka babur ne. Ba babur ba ne. Feda za ka ci gaba da murzawa, sai dai ƙaramin injin da ke cikin ƙafar keken yana ƙara maka ƙarfi, har ka hau tudu ba ka haki. Batirin da aka fi gani wajen rabin yunit na wuta yake sha kafin ya cika, a ciro shi a yi cajinsa a ɗaki. Tun da gwamnati ta sakar wa kasuwa farashin mai a 2015, mai hawa trotro, wato ƙaramar bas ta haya, ba ya iya sanin abin da zai kashe wata mai zuwa. Mai keken batir ya sani.

Ban ce ba shi da matsala ba. Tsadarsa ta fi ƙarfin yawancin matasan zango, batirin yana raunana bayan 'yan shekaru, ga dumsor, wato yawan ɗauke wuta. Abin da ya fi damuna shi ne caji a gidajen haya masu cunkoso: batir marar kyau ko caja ta jabu na iya kamawa da wuta. Amma waɗannan duk masu sauƙin magani ne. Kamfanin Wahu yana haɗa irin kekunan a Akra, kuma garin da ke da makanikai irin na Suame Magazine, babbar unguwar gyaran motoci ta Kumasi, ba zai rasa masu koyon gyaran batir ba.

Abin da batir ba zai gyara ba shi ne titi. Mai keke a Kumasi yana tafe ne tsakanin trotro mai tsayawa inda ya ga dama da buɗaɗɗiyar kwata a gefe, ga pragya, babur mai ƙafa uku na haya, na kutsowa. Wace uwa ce za ta bar ɗanta ya je makaranta a haka? A Tamale an ware wa keke hanya a gefen manyan tituna, maza da mata, malamai da 'yan kasuwa suna hawa, ba wanda ke ganin abin talauci ne. Tamale dama shimfiɗaɗɗen gari ne. Mu tudu ne uzurinmu, kuma yanzu uzurin ya kau.

A 2023 majalisar birnin Kumasi ta taƙaita shigar pragya tsakiyar gari don rage cunkoso. To, wanda aka hana wannan, me aka tanadar masa? Ina kira ga majalisar Kumasi da ta Asokore Mampong, wadda Aboabo ke ƙarƙashinta, su fara da hanya ɗaya tak, daga Aboabo zuwa Kejetia: a rufe kwatocin, a kafa shinge na kankare da mota ba za ta iya hayewa ba, a kuma tanadi wurin ajiye keke mai maigadi a bakin kasuwa.