Generalife: Ruwan da ke tsalle ba na sarakunan Andalus ba ne

Kusan duk wanda ya je Granada, a kudancin Sifaniya, da hoto ɗaya yake komowa daga Generalife: doguwar magudanar ruwa a tsakar gida, ruwa na tsartuwa daga hagu da dama yana gittawa a sama. Kyau kam akwai shi. Sai dai sarakunan Banu Nasr, daular Musulmi ta ƙarshe a Andalus, masu gidan, ba su taɓa ganin wannan feshin ba. A ƙarni na 19 aka ƙara shi.

Gidan shan iska ne da gona, a kan tudun da ke kallon fadar Alhambra, inda sarki ke gudun zafi da hayaniyar fadawa. An gina shi tsakanin ƙarshen ƙarni na 13 da farkon na 14, Sarki Isma'il na ɗaya ya sake ƙawata shi wajen 1319. A ganina gwanintar maginan ba a zanen bango take ba, a ruwa take. Sun tare kogin Darro can sama, suka janyo shi ta magudana kimanin kilomita 6, gangare kaɗai ke tura shi. Sai ya ratsa tsakar gidan, mai tsawon kusan mita 49, kafin ya wuce Alhambra. Akwai ma wata matakala da ruwa ke gudu a bisa katangun gefenta, mai hawa ya tsoma hannu yana tafiya. Inuwa, ƙananan tagogi, iska daga kwari: iyakar na'urar sanyaya ɗakin ke nan.

Bayan faɗuwar Granada a 1492 gidan ya sha gyare-gyare, kowa da nasa son ran. Sai a 1921 ya dawo hannun gwamnati bayan doguwar shari'a. Gobarar 1958 ce, abin mamaki, ta ba masu tonon kayan tarihi damar ganin asalin lambun tsakar gidan, wanda ya fi na yanzu zurfi. Lambunan da ke ƙasa da gidan, waɗanda baƙi ke ta yabo kuwa, aikin ƙarni na 20 ne.

Masu son feshin za su ce shi ma ya tsufa, ya zama tarihi. Gaskiya ne, ban ce a tumɓuke shi ba. Amma wurin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya tun 1984 bai kamata ya bar baƙo ya tafi da ruɗani ba. A riƙa kashe bututun ko da sa'a guda ce da safe, mai ziyara ya ji ruwan yana tafiya a kwance, yadda sarki ya ji shi.