Ranar da na kai fim ɗin bebaye wajen mai gyara

Ƙanwata, kun dai san halinta, ita ta ba ni fim ɗin a filas, Stella Dallas na 1925, wai za a yi musu jarrabawa a kansa, in kalla in ba ta labari. Na kunna, baki na motsi, babu murya. Na ƙure sauti, shiru. Daga wurin ɗaurin aure na zarce kasuwa da kwamfutar, babbar rigata ta sha aiki har gwiwa.

Mai gyara ya ce sifika ce, dubu uku. Ya kwance, ya hura, ya ɗaure. Shiru. Sai yaron shagonsa, ɗan mitsitsi da shi, ya leƙo ya ce, "Alhaji, ai lokacin ba a fara sa murya a fim ba. Ba ka ga ana rubuta maganarsu a baƙin allo ba?"

Ni kuwa duk rubutun nan wuce shi nake yi, na zaci sunayen 'yan wasa ake ta maimaitawa. A gaban mutum bakwai ya faɗi maganar. Na ƙirga su.

Da nan ya tsaya da sauƙi. Ya ce tunda babu murya, sutura ce ke magana: masu kuɗin kayansu ba tarkace, ita kuwa Stella, 'yar talakawan da ta auri ɗan manya, ta jibga ado tun daga hula har takalmi. "Duk wanda ya cika ado, shi ne talakan." Ya dubi rigata daga wuya zuwa ƙasa, ya yi shiru. Yaro ya koyi fim ɗin bebaye a zama ɗaya.

Wanda ya fi ƙona min rai mai caja ne. Har da riƙe ciki. Mutumin da nake bi ɗari biyar tun azumi, kullum sai ya ce ciniki ya tsaya, amma ranar ya sami ƙarfin dukan benci.

Muka kalli ƙarshen tare. Belle Bennett, wadda ta fito a matsayin Stella, a cikin ruwan sama, bayan shingen ƙarfe, tana hangen auren 'yarta ta taga, ɗan sanda na korarta. Ita ta sallama yarinyar don ta shiga cikin manya. Hawaye ya zubo min, na ce ƙura ce. Mai caja ya ce ai jiya aka yi ruwa.

Dubu ukun dai ba ta dawo ba, wai ladan kwancewa. Da yamma ƙanwata ta kira, an ɗage jarrabawar.