Abin da Ya Biyo Mu Daga Gaba

Waɗanda suka san labarin ɓatan da na yi a cikin hazo bara sun san dalilin da ya sa na sayi na'urar rada, wadda ke nuna abubuwan da ke kewaye da jirgi a kan allo ko da ido ba ya ganinsu, don haka ba zan maimaita shi ba. Na'urar irin ta ƙananan jiragen ruwa ce, mai faɗin inci 18 da ƙarfin kilowat 4, wadda eriyarta ke juyawa a cikin wani farin murfi mai kama da ƙwarya a kife. Na yanke shawarar ɗaura ta da hannuna, ƙanena yana riƙe mini tsani.

Ba wanda zai zarge ni da sakaci a kan lafiyar mutane, domin shafukan gargaɗi na littafin na'urar sai da na haddace su. Na ɗora murfin a kan wani ƙarfe sama da rumfar jirgin, mita 3 daga fuskar ruwa, saboda igiyar rediyon da na'urar take harbawa tana buɗewa sama da ƙasa da kusan digiri 25, kuma ba a son ta riƙa dukan kan mutum, musamman idanu. Na nisanta ta daga kamfas gwargwadon tazarar da littafin ya faɗa, don maganaɗisun da ke cikinta yana iya karkatar da allurar. Na saukar da eriyar GPS ƙasa da hanyar igiyar, na sa fis a kan wayar da ta fito daga batir mai bolt 12, na auna tsawon kowane noti don kada ya zarce ya taɓa kayan ciki, sannan na bar ɗan ramin fitar ruwa da ke ƙarƙashin murfin a buɗe. Har weji na sa, ya ɗan sunkuyar da ita gaba, domin idan jirgi ya ɗauki gudu ya ɗaga goshi ta koma daidai. Duk abin da na yi sai na bayyana wa ƙanena dalilinsa, shi kuwa ba ya cewa komai sai "To, Yaya."

Dattijon nan da ke ɗaure jirginsa kusa da nawa, wanda kowa ke kira Baba, ya zauna a kan akwatinsa tun daga farkon aikin har ƙarshe. Lokacin da nake ɗaure noti na ƙarshe ya ɗaga kai ya ce, "Ɗana, wayar nan ta gaba za ta fita?" Na amsa masa cikin ladabi cewa ta gaba ta fi kusa da allon, kuma na ƙara masa da ɗan bayani a kan illar barin waya tana lilo. Ya jinjina kai ya ce, "To, Allah ya ba da sa'a."

Washegari da safe akwai ɗan hazo, na ga ranar gwaji ta samu, muka fita mu shida. Na ƙi kunna na'urar a matsaya, saboda mutanen da ke tsaye a kan gadar shiga jirage kawunansu na daidai da tsayin murfin. Sai da muka yi nisa na danna, na umarci kowa ya zauna, muka zuba wa allo ido yana ƙirga daƙiƙa 90 da na'urar ke buƙata kafin ta ɗumama. A cikin wannan jira na yi musu karatu: jirginmu shi ne tsakiyar allo, layin da ya miƙe sama shi ne gabanmu, eriya tana zagayawa sau 24 a minti ɗaya, kuma ko da kwalin ya yi alƙawarin mil masu yawa, daga tsayin mita 3 abin da ke kwance a fuskar ruwa ba a ganinsa sai ya shigo kusan mil 4 na teku. Na saita allon a rabin mil.

Ba a jima ba wani ɗigo ya bayyana a ƙasan allon, wato a bayanmu, yana matsowa tsakiya a hankali. Na sanar da jama'a, da muryar da ban san ina da ita ba, cewa wani jirgi yana bin sawunmu kuma da alama bai gan mu ba. Mutum biyar suka juya baya suna leƙen hazo. Na ƙara wuta kaɗan don mu ba shi wuri, sai ɗigon ma ya ƙara sauri. Na sake ƙarawa, ya sake ƙarawa. A nan ne na faɗi maganar da har yanzu ake maimaita mini, na ce, "Wannan matuƙin ba shi da tarbiyya." Na sa a busa ƙaho, na sa ɗaya daga cikinsu ya tsaya a baya yana kaɗa farin ƙyalle, ni kuma hancina na kusan taɓa allo. Ƙanena, wanda shi kaɗai ya gaji da kallon baya, ya ce, "Yaya, gabanka." Na ce masa ba gaba ne matsalarmu ba, ya bar manya su yi aiki. Sai ɗigon ya iso kusa da tsakiya ya ɓace, domin irin wannan na'ura ba ta rarrabe abin da ya matso ta sosai, abin da ni kaina na karanta amma na manta a lokacin. Na miƙe tsaye na ce, "Mun tsira." Ƙanena ya fizge sitiyari daga hannuna, kuma duk da haka gefen jirgin ya gogi ƙaton tulun ƙarfen nan na alamar hanya, wanda yake ɗaure a wurinsa tun kafin in san ruwa, da wata ƙara da na tabbata an ji ta har matsaya. Mai farin ƙyallen ya ci gaba da kaɗa shi na ɗan lokaci, don ba wanda ya gaya masa ya daina.

Murfin na ɗaura a juye. Akwai alamar da ke nuna gabansa, wayar kuma ta baya ake fitar da ita, amma ramukan notin huɗu suna shiga ko ta wane ɓangare, shi ya sa duk abin da ke gabanmu ya koma bayanmu a allo, dama ta koma hagu. Dokokin kauce wa karo a teku na 1972 sun ce a riƙa lura da ido da kunne a kowane lokaci, kuma a cikin hazo a yi tafiya da saurin da ya dace, ni kuwa na karya biyun a cikin minti uku ina gudun abin da ba ya motsi.

Amma Baba ne ya tsaya mini a rai. Mutumin nan ya ga kuskuren tun ina kan tsani, sifana na hannuna, gyaran bai wuce na minti goma ba, ya zaɓi ya yi mini tambaya maimakon ya faɗa. Da na yi masa ƙorafi, sai ya ce ai ya yi magana, ni ne na amsa masa da lacca, kuma shi ba ya katse malami. Daga baya na ji cewa tun a daren ya gaya wa masu jirage uku su fito da wuri. Wannan dattijo ne da ya ari famfon iskata watanni biyar da suka wuce bai mayar ba, kuma yanzu duk lokacin da na wuce sai ya waiwaya bayansa a hankali kafin ya amsa gaisuwata.

An ce ana iya juya hoton daga cikin saitin na'urar, amma na ƙi, na ce sai na kwance ta na ɗaura daidai. Gam ɗin hana ruwa da na shafa wa notin ashe irin wanda ba a yi shi don a cire ba ne. Biyu sun fito, ɗaya ya faɗa ruwa, na huɗun yana nan, kuma sifanar da ta yi daidai da shi a wurin Baba kaɗai take.