Jerry Rice: wai masu jefa masa ƙwallo ne suka yi shi?

Duk sanda aka tada musun wa ya fi kowa iya cafe ƙwallo a wasan ƙwallon Amurka, wanda ake rungumar ƙwallo a ruga ana bangazar juna ɗin nan, sai ka ji wani ya ce ai Jerry Rice sa'a kawai ya taka, Joe Montana ne ya yi ta jefa masa, da Montana ya matsa kuma Steve Young ya ɗora, to wa zai kasa? Ni dai maganar nan ba ta shige ni ba sam.

Ɗan birkila ne fa daga ƙauyen Crawford a jihar Misisipi, lokacin hutu yana bin babansa aiki, 'yan'uwansa na wullo bulo daga ƙasa shi yana sama yana cafewa cikin zafin rana. Jami'ar da ya yi, Mississippi Valley State, ƙarama ce ba a cika leƙa ta ba, ga shi ana ta cewa ba shi da gudu. Amma Bill Walsh, kocin ƙungiyar San Francisco 49ers, ya ga abin da ya gani, suka ɗauke shi a 1985, na 16 a jerin zaɓen sababbin 'yan wasa. Farkon zuwansa ma ƙwallaye sun yi ta suɓuce masa har aka fara gunaguni.

Kaka 20 ya buga, ya cafe ƙwallo sau 1,549, nisan da ya ci a fili da su kuma yadi 22,895. Larry Fitzgerald da ke bi masa 17,492 gare shi, kai ka duba tazarar nan, sama da yadi 5,000! Rice ya ci kofin Super Bowl, wato wasan ƙarshe na gasar, har uku, kuma a wanda suka doke Cincinnati a Janairun 1989 shi ne gwarzo, cafewa 11 yadi 215.

Gaskiya ne ya samu masu jefawa na garari, ban musa ba, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. To amma shi kaɗai Montana ke jefa wa ne? Sauran da suka buga tare da su ina nasu lissafin?

Abin da ya fi burge ni ma 1997 ne. Wasan farko na kakar jijiyoyin gwiwarsa suka tsinke yana dab da shekara 35, wani da shi ke nan ya rataye takalmi, shi kuwa cikin mako 14 ya dawo fili, ya ci maki a kan Denver, a faɗuwar ya sake tsaga ƙoƙon gwiwar. Taurin kai ne? Ƙila, ni ma da zan ba shi shawara zama zan ce ya yi.

Da 49ers suka sallame shi sai ya tsallaka Oakland Raiders a 2001. Babu Montana babu Young, Rich Gannon ke jefa masa, a 2002 yana da shekara 40 ya yi yadi 1,211 ya sake kai wa wasan ƙarshe, can dai Tampa Bay ta lallasa su.